Wa Ya Kai Ma'auni Can? Wasiƙa A Kan Taurari Masu Numfashi

Assalamu alaikum, Edita.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili, ko da ya ɗan zarce wanda aka saba ba masu aiko da wasiƙa, domin in yi bayani a kan wani reshe na ilimin taurari da na daɗe ina ganin ya cancanci a rubuta shi da Hausa. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan Kaduna, kuma tambayar wata ɗaliba ce ta sa na ɗauki alƙalami. A ranar 23 ga Yuni, 2025, aka fitar da hotunan farko na sabuwar cibiyar duban taurari ta Vera Rubin, wadda aka gina a kan tsaunin Cerro Pachón a ƙasar Chile. Na shiga aji da hotunan a waya ina nuna wa yara, ina cewa wannan nisansa kaza ne, wancan kuma kaza. Sai yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ya kai ma'auni can?" 'Yan ajin suka yi dariya, ni kuwa na ji daɗi ƙwarai, domin wannan tambayar ita ce masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna amsawa, kuma amsar tana da daɗin ji.

Kafin in kai ga amsar, dole in share fage da kalmomi kaɗan. Ranarmu tauraruwa ce guda a cikin wani babban taro na taurari da yawansu ya haura biliyan 100, wanda masana ke kira galaksi, ni kuma a aji nakan kira shi garken taurari, domin tare suke tafiya, nauyin junansu ne kuma ke riƙe da su. Farin zirin nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu wata, wanda duk wanda ya taɓa kwana a ƙauye ya san shi, jikin garkenmu ne muke hange daga ciki. Nisa kuwa a wannan fage da gudun haske ake auna shi. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, yana isowa daga rana cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi, amma kafin ya keta garkenmu daga gefe zuwa gefe sai ya yi tafiyar shekara kusan 100,000. In na ce shekarar haske, to nisan da haske ke ci a shekara guda nake nufi.

Wannan babban garke yana da 'yan rakiya, wato ƙananan garkuna da ke kewaya shi. Biyu daga cikinsu ido na iya gani, su ne Gizagizan Magellan, babba da ƙarami, a nisan shekarar haske kimanin 160,000 da 200,000. Daga Kaduna babban yakan leƙo can ƙasa ta kudu a watannin Disamba da Janairu, tsayinsa daga inda sama ta haɗu da ƙasa bai wuce faɗin dunƙulen hannu ba in an miƙe shi, sai dai lokacin ya zo daidai da hunturu, hazo yakan shafe shi ɗungurungum. Sauran 'yan rakiyar sai da madubin hangen nesa. A 1938 Harlow Shapley ya ba da labarin biyu, Sculptor da Fornax, waɗanda aka gano a hotunan da aka ɗauka a cibiyar Boyden ta Afirka ta Kudu. Daga nan aka riƙa tsintar su jefi-jefi: Leo I da Leo II a 1950, Draco da Ursa Minor bayan 'yan shekaru, Carina a 1977, Sextans a 1990, Sagittarius a 1994. In aka haɗa da Gizagizan Magellan, goma sha ɗaya ke nan. Tun daga 2005, da binciken sararin sama na Sloan ya fara fito da masu dusashewar haske ƙwarai, sannan kyamarar DECam da ke cibiyar Cerro Tololo a Chile ta biyo baya a 2015, adadin ya yi ta hawa har ya kai wajen sittin.

Waɗannan na baya-bayan nan su ne abin da wasiƙata ta dosa, kuma ina so mai karatu ya gane iyakar ƙanƙantarsu. Akwai wani da ake kira Segue 1, wanda aka sanar da gano shi a 2007, a nisan shekarar haske kimanin 75,000. Taurarinsa ba su wuce dubu guda ba a kiyasi, kuma in aka tattara haskensu gaba ɗaya bai wuce na rana ɗari uku da 'yan kai ba, alhali akwai tauraruwa guda ɗaya tak a garkenmu da ta fi hakan haske nesa ba kusa ba. Ga shi kuma idan aka ɗauki hoton wurin, taurarin garkenmu da ke tsakaninmu da shi sun cika hoton maƙil. Kamar a ce ka tsaya a kan bene kana kallon babbar kasuwar Kaduna ana jajibirin salla, a ce ka ware 'yan gida ɗaya su goma da suka bazu cikin jama'a, ba anko suka yi ba, ba kuma riƙe da hannun juna suke ba. Ta ina za ka fara? Sai in akwai wani a cikinsu da ke da alamar da ba ta ɓuya.

Ga wata matsalar kuma. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya da dare ya san cewa in ka hango haske guda a gabanka, ba nan take kake sanin ko babur ne a kusa ko babbar mota ce mai fitila ɗaya a can nesa ba. Hasken da ya iso idonka ya dogara da abu biyu, ƙarfin fitilar da nisanta. Ƙa'idar a bayyane take: in nisa ya ninka biyu, haske yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, in ya ninka goma yakan koma ɗaya cikin ɗari. Saboda haka wanda ya san ainihin ƙarfin fitila, ya kuma auna abin da ya iso masa, lissafin 'yan aji uku ya ishe shi ya fitar da nisa. Wahalar ita ce taurari ba su zo da rubutu a jikinsu ba kamar ƙwan lantarki. Taurari masu numfashi ne kaɗan daga cikin waɗanda, cikin hikimar Mahalicci, suke faɗin ƙarfin haskensu da kansu.

Na kira su masu numfashi domin abin da suke yi ke nan a zahiri: jikin tauraruwar yakan kumbura ya saɓe, ya kumbura ya saɓe, haskenta na ƙaruwa yana raguwa a kan lokaci tsayayye. Dalilin yana cikin wani shimfiɗi na iskar hiliyam da ke ƙarƙashin fatar tauraruwar. Idan tauraruwar ta matse, wannan shimfiɗi yakan yi zafi har hiliyam ɗin ya saki ilektiron ɗinsa na biyu (ilektiron 'yan ƙwayoyi ne da ke kewaye cibiyar ƙwayar zarra), a wannan hali kuwa ba ya barin haske ya ratsa shi da sauƙi. Zafi sai ya taru a ƙarƙashinsa ya tunkuɗa saman tauraruwar waje. Da ta buɗe sai shimfiɗin ya huce, hiliyam ya sake kama ilektiron ɗinsa, hanya ta buɗe, zafin ya fice, nauyin tauraruwar ya jawo komai ya dawo ciki, a sake sabon zagaye. Uwargidan da ta taɓa ɗora wake a wuta ta rufe tukunya ta ga wannan da idonta: tururi ya taru, murfi ya ɗaga, tururi ya fita, murfi ya koma ya zauna. Arthur Eddington na Ingila ne ya fara kawo wannan tunani na murfi a farkon ƙarni na 20, Sergei Zhevakin na Rasha kuma ya nuna a 1953 cewa hiliyam ne ke yin aikin. Ba kowace tauraruwa ke yin haka ba, sai wadda zafin fatarta ya sa shimfiɗin ya zauna a zurfin da ya dace.

Wadda ta gano amfanin wannan numfashi wajen awo mace ce, Henrietta Swan Leavitt, ma'aikaciya a cibiyar duban taurari ta Harvard a Amurka, wadda aikinta shi ne duba hotunan sama da aka ɗauka a kan faifan gilashi, ɗigo bayan ɗigo. A 1908 ta wallafa jerin taurari 1,777 masu sauya haske a Gizagizan Magellan. A 1912 ta nuna, da taurari 25 na ƙaramin Gizagizan, cewa duk wadda zagayen numfashinta ya fi tsawo ita ce ta fi haske. Hikimar ita ce duk taurarin suna garke ɗaya, nisansu daga gare mu kusan ɗaya ne, don haka bambancin hasken da ta gani na ainihi ne. Makaɗa ba za su yi mamaki ba, domin sun san tambari ba ya amo irin na kalangu, babban jiki a hankali yake kaɗawa. Irin waɗannan taurari su ake kira Sefid, kuma da guda daga cikinsu Edwin Hubble ya yi amfani, bayan ya gano ta a watan Oktoba na 1923 da madubin tsaunin Wilson, ya tabbatar da cewa Andromeda garke ne dabam, ba yanki ne na namu ba.

Amma taurarin Sefid na ainihi manya ne kuma matasa, shekarunsu miliyoyi ne kawai, ƙananan garkunan da nake magana a kansu kuwa sun daina haifar taurari tun da daɗewa. A nan ne ake komawa ga wasu dangin, waɗanda ake kira RR Lyrae, da sunan ta farkon da aka yi nazarinta sosai a cikinsu. Wata mace ce kuma ta gano ta, Williamina Fleming, wadda ta fara a matsayin 'yar aikin gida a gidan shugaban cibiyar Harvard kafin ta zama ɗaya daga cikin gwanayenta, aka kuma sanar da binciken a 1901. Wannan tauraruwa tana nisan shekarar haske kimanin 850, tana cika zagayenta cikin awa 13 da minti 36. Danginta duk tsofaffi ne da suka haura shekara biliyan 10, nauyinsu bai kai na rana ba, sun ƙone haidirojin ɗin cibiyarsu sun koma ƙona hiliyam. Zagayensu tsakanin awa biyar ne zuwa kwana guda. Abin da ya sa suka zama zinariya a hannun masana shi ne kusan dukkansu ƙarfin haskensu ɗaya ne, wajen ninki 40 zuwa 50 na hasken rana. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma ban ga inda maganar ta fi dacewa kamar nan ba.

Yanzu a koma kasuwa. Mai bincike yakan ɗauki hoton wuri guda sau da yawa, dare bayan dare, ya sa kwamfuta ta auna hasken kowane ɗigo a kowane hoto. Dubban ɗigo za su tsaya cik yadda suke. Sai a sami guda da haskensa yakan tashi da sauri cikin awa ɗaya ko biyu har ya ninka, sannan ya riƙa sauka a hankali, in aka zana shi a takarda ya fito kamar haƙorin zarto. Wannan siffa ba ta ɓuya. Da an gan ta an san ƙarfin fitilar, da an san ƙarfin fitilar an san nisa, da kuskuren da bai wuce kashi kaɗan cikin ɗari ba. A manyan 'yan rakiya irin su Sculptor an ƙirga RR Lyrae fiye da 500, a Draco fiye da 250, a Fornax fiye da dubu. A Boötes I, wanda aka gano a 2006 a nisan shekarar haske wajen 200,000, binciken farko ya sami 15. A mafiya dusashewa kuwa, irin su Segue 1, sai ka ga guda ɗaya ce ko biyu, wani ma babu ko ɗaya. Abin da ke taɓa zuciyata a wannan ilimi shi ne wannan: garke sukutum, mai tarihin shekara biliyan goma sha wani abu, a ce tauraruwa ɗaya ce ke ba da shaida a kan inda yake.

Kuma shaidarta ba ta tsaya ga nisa ba. Kasancewarta a wurin kaɗai hujja ce cewa garken yana da taurarin da suka haura shekara biliyan 10. Wannan ya yi daidai da abin da madubin Hubble da ke sararin samaniya ya nuna game da wasu daga cikin mafiya dusashewar, cewa yawancin taurarinsu an haife su ne cikin shekara biliyan guda ta farko bayan somawar sararin, wanda masana ke kiyasta shekarunsa a biliyan 13.8, daga nan kuma haihuwa ta tsaya. Bayanin da aka fi karɓa shi ne hasken taurarin farko ya ɗumama iskar da ke sarari, ƙananan garkuna kuma ba su da nauyin da za su riƙe iska mai zafi, sai abin da ake gina taurari da shi ya kuɓuce musu. Da yake a cikin taurari ake ƙera ƙarfe, su bar wa na bayansu, shi ya sa ƙarfen da ke jikin taurarinsu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wanda ke jikin rana ba. Inda aka sami wasu dangin masu numfashi da suka fi RR Lyrae haske da nauyi, irin waɗanda Walter Baade da Henrietta Swope suka bayyana a Draco a 1961, sai a tsaya a bincika, ko garken ya sake haihuwa daga baya ne, ko kuwa taurari biyu ne suka haɗe suka zama ɗaya.

Suna kuma nuna inda garke ke yagewa. Jan nauyin babban garkenmu yana fizgar taurari daga jikin ƙananan da suka matso kusa, ya shimfiɗa su a sama kamar hatsin da ke zuba daga ɓulallen buhu a bayan amalanke. Da taurarin RR Lyrae aka bi sawun abin da ya zube daga Sagittarius, aka ga ya naɗe garkenmu, aka kuma san nisan kowane yanki na zirin. Haka aka sami wasu a wajen iyakar wani ɗan rakiya mai suna Hercules, abin da ya ƙarfafa zaton cewa shi ma ana yagar sa.

Akwai wata muhawara da na fi so a cikin duka, ko da yake tana bukatar a ɗan natsu. Tun 1939 Pieter Oosterhoff na Holan ya lura cewa tsofaffin curin taurari na garkenmu, wato dunƙulallun tarin taurari da ke cikinsa, sun rabu gida biyu: a wasu, matsakaicin zagayen babban jinsin RR Lyrae ɗinsu kusan 0.55 na kwana ne, a wasu kuma kusan 0.65, tsakani kuwa kusan fayau. Da aka auna na 'yan rakiya irin su Draco da Fornax, sai ga da yawansu sun faɗo a wannan tsakanin. An kuma lura cewa akwai wasu RR Lyrae masu gajeren zagaye da babban tashin haske, waɗanda suke da yawa a kewayen garkenmu, amma da wuya a same su a ƙananan 'yan rakiya. Me wannan ke nufi? An daɗe ana cewa babban garke da haɗiye ƙanana ya girma. In da irin waɗannan ƙananan na yau ya haɗiye kaɗai, da taurarin da ke kewayensa sun yi kama da nasu, kamar yadda ake gane asalin mutum daga harshensa ko da ya daɗe a birni. Tunda ba su yi kama sosai ba, sai aka karkata ga cewa babban kaso ya fito ne daga garkuna masu ɗan girma. A 2018 bayanan kumbon Gaia na hukumar sararin samaniya ta Turai suka fito da alamun wani babban garke da namu ya haɗiye wajen shekara biliyan 10 da suka wuce, wanda aka raɗa wa suna Gaia-Enceladus. A ganina wannan misali ne mai kyau na yadda ƙidayar sa'o'i, abin da ake ganin ƙaramin aiki ne, take gyara babban labari.

Har gano sabon garke ana yi da su. A can nesa da tsakiyar garkenmu RR Lyrae ba su da yawa, saboda haka in aka ga biyu ko uku kusa da juna a sama, kuma nisansu ɗaya, da wuya a ce haɗuwa ce kawai. Mariah Baker da Beth Willman sun yi lissafin wannan dabara a 2015. A 2018 wata tawaga ƙarƙashin Gabriel Torrealba ta gano Antlia 2 a bayanan Gaia, kuma taurarin RR Lyrae na cikin abin da ya tona shi. Faɗinsa ya yi kusa da na babban Gizagizan Magellan, amma haskensa ya gaza nasa sau dubbai, yana nisan shekarar haske fiye da 400,000, ya kuma laɓe a bayan cunkoson taurari da ƙurar garkenmu. Ɗan'uwansa Crater II, wanda aka gano a 2016, an ƙirga masa RR Lyrae kusan ɗari.

Mai karatu zai iya cewa, duk wannan wahala a kan 'yan taurari dubu? Dalilin shi ne abin da ba a gani. A Segue 1 taurari na kai-kawo da gudun kusan kilomita huɗu a daƙiƙa in aka kwatanta su da juna, nauyin taurarin da ake gani kuwa bai isa ya riƙe su a wannan gudun ba, da tuni sun watse. Lissafi ya nuna akwai wani ɓoyayyen abu mai nauyi, wanda ba ya ba da haske ba ya kuma tare shi, da ya ninka nauyin taurarin sau ɗaruruwa ko fiye. Babu inda wannan abu ya rinjayi na bayyane kamar a ƙananan garkunan nan, don haka su ne ɗakin gwajinsa. To, lissafin nauyin yana bukatar ainihin faɗin garken, faɗin kuma ba ya fitowa sai an san nisa, duk kuskuren da aka yi a nisa kai tsaye yake shiga nauyi. Yawansu ma gwaji ne: a 1999 lissafin kwamfuta ya nuna ya kamata garke irin namu ya kasance da 'yan rakiya ɗaruruwa, alhali goma sha ɗaya aka sani, kuma kowane sabo da aka tabbatar yana rage wannan giɓi.

Ba zan ɓoye cewa ma'aunin yana da wuraren tuntuɓe ba. Ƙurar da ke tsakanin taurari tana dusashe haske, ta sa na kusa ya yi kamar na nesa, kuma mu da muke ganin yadda hazon Janairu ke mai da fitilun gadar Kawo jajaye masu rauni ba ma bukatar dogon bayani a kan haka. Maganin shi ne auna hasken da ya zarce ja, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa ƙura, a irinsa ne kuma dangantakar zagaye da haske ta RR Lyrae ta fi fitowa tsaf. Yawan ƙarfen da ke jikin tauraruwa yana ɗan sauya haskenta, dole a gyara lissafi dominsa. Wasunsu kuma tashin haskensu yakan ƙaru ya ragu cikin makonni, abin da Sergey Blazhko ya fara gani a 1907, har yau ba a gama daddale dalilinsa ba. Sannan fatar tauraruwa mai numfashi tana shiga da fita da gudun gomman kilomita a daƙiƙa, wanda ya ninka gudun da ake son aunawa a garken, saboda haka tauraruwar da ta yi amfani wajen nisa tana iya ɓata lissafin nauyi in ba a cire numfashinta ba.

Na so ɗalibaina su ga abin da idonsu, domin gani ya kori ji. A ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke kuma hazo bai sauko ba, saman Kaduna takan yi garau. Akwai tauraruwar da ake kira Delta Cephei, uwar dangin Sefid, wadda ake gani da ido ta arewa bayan sallar isha'i, tana cika zagayenta cikin kwana biyar da kusan awa tara. Wanda ya gano sauyawarta a 1784, John Goodricke, saurayi ne ɗan shekara 20 kuma kurma. Kusa da ita akwai taurari biyu, Zeta mai ɗan haske da Epsilon mai rauni, su uku sun yi siffar ƙaramin murhu. Na zana wa yara taswira a takarda, na ce kowa ya fita tsakar gida a daren da unguwa ta yi duhu, ya kashe tocila, ya jira minti goma idonsa ya saba, sannan ya ba ta maki daga ɗaya zuwa biyar: biyar in ta kai Zeta, ɗaya in ta koma kamar Epsilon, ya rubuta rana da lokaci. Wasu sun gaji a mako na farko. Waɗanda suka jure, cikinsu har da mai tambayar, sun kawo littattafansu bayan mako huɗu. Muka jera makin a allo, muka naɗe kwanakin a kan tsawon zagayen, sai ga siffar ta fito, tashi da sauri cikin kwana ɗaya da rabi, sauka a hankali cikin kusan huɗu. Ɗigon ba su zauna a layi sumul ba, wasu sun kauce, amma haƙorin zarton yana nan. Yarinyar ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Ashe da agogo ake awon."

Edita, abin da nake so shugabannin makarantu da jami'o'inmu su lura da shi ke nan. Madubin Vera Rubin mai faɗin mita 8.4, da kyamararsa mai ɗigon hoto miliyan 3,200, zai shafe shekara goma yana ɗaukar saman kudu yana maimaitawa duk bayan 'yan kwanaki, wato daidai irin kallon da taurari masu numfashi ke bukata. Ba mu da irin wannan madubi, amma babban ɓangaren aikin ya koma kan tebur. Gaia ya daina aiki a 2025, sai dai kundinsa na 2022 kaɗai yana ɗauke da RR Lyrae kimanin 270,000, kuma a buɗe yake kyauta ga duk mai kwamfuta da intanet. Ɗalibin lissafi ko na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Jihar Kaduna zai iya sauko da jerin taurarin da ke kewayen Sculptor ko Draco, ya fitar da nisansu da kansa, ya kwatanta da abin da aka wallafa, ya zama aikinsa na kammala digiri. Ƙungiyar masu lura da taurari masu sauya haske ta Amurka, wadda aka kafa tun 1911, tana karɓar awon masu sha'awa daga kowace ƙasa. Hukumar sararin samaniya ta Najeriya, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar ilimin taurari a Nsukka, ina kuma kira gare ta da ta waiwayi makarantun Arewa da ƙananan madubai da horar da malamai, domin madubin hannu mai ido biyu ma ya isa a bi RR Lyrae kanta a dare guda.

Roƙona gare ka shi ne ka ware wa kimiyya shafi, ko sau ɗaya a wata, a riƙa buga taswirar saman wannan watan yadda take daga Kaduna, da sunayen da muka gada irin su Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta a gefen na littafi. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, garke da numfashi da 'yan rakiya, nawa ne na aji, ina maraba da gyaran malaman Hausa da na kimiyya a wannan shafi. In ka amince, zan aiko da taswirar Delta Cephei da teburin cike maki kafin ƙarshen Satumba, domin malaman da ke so su gwada da ɗalibansu su sami sararin Oktoba da farkon Nuwamba kafin hazo ya sauko.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Malamin kimiyya,
Tudun Wada, Kaduna.